Tambayoyi da amsoshi ga ɗan Kaduna mai shirin bin gaɓar teku a kan keke, daga Badagry zuwa Abijan

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu hawan keke na Kaduna idan hira ta kai ga doguwar tafiya a gefen teku. Yawancinsu a kan farkon tafiyar ne: ta ina za a fara, a wane wata, da wane keke, da waɗanne takardu. Dalili kuwa, wanda ya daidaita waɗannan tun yana gida, ragowar aikin taka feda ne.

Wace hanya ake magana a kai, kuma yaya tsawonta?

Babbar hanyar da ta haɗa Legas da Abijan, mai tsawon kilomita 1,028, wadda ta ratsa ƙasashe 5: Najeriya, Jamhuriyar Benin, Togo, Gana da Kwaddibuwa. Daga Badagry ka tsallaka iyakar Seme ka shiga Kwatano, ka wuce Ouidah da Grand-Popo zuwa iyakar Hillacondji. Togo siririya ce a bakin teku, gaɓarta ba ta kai kilomita 60 ba, saboda haka daga Aneho zuwa Lome tafiyar hantsi ce, kuma iyakar Aflao a gefen birnin Lome take. Gana ce ke cinye mafi yawan kwanaki: Sogakope inda ake haye kogin Volta, sai Tema, Akara, Winneba, Cape Coast, Elmina, Takoradi, har Elubo. Daga nan a haye kogin Tano zuwa Noé, a bi Aboisso da Grand-Bassam a faɗa Abijan.

Mai yin kilomita 60 zuwa 80 a rana, yana hutawa kwana ɗaya bayan kowane kwana huɗu ko biyar, mako uku ya ishe shi. Ba kuma dole ba ne a kai ƙarshe. Badagry zuwa Lome tafiya ce cikakkiya ga wanda bai taɓa yi ba, Badagry zuwa Akara kuwa ta isa a ba jikoki labari.

Me ya sa ba za mu bi namu bakin tekun na Najeriya ba?

Domin babu hanyar bi. Gaɓar tekun Najeriya ta kai kilomita 853, amma mafi yawanta a yankin Neja Delta fadama ce da rafuka da dazukan cikin ruwa, inda kwalekwale ne abin hawa. An fara gina titin Legas zuwa Kalaba mai kusan kilomita 700 a 2024. Har sai ya haɗe, mai keke da ke son ya kwana ya tashi yana jin ƙugin teku, yamma zai nufa.

Daga ƙofar gidana a Kaduna zan fara tuƙi?

A'a, kuma a nan ne aka fi yin gardama. Akwai masu ganin cewa in ba daga Kawo ko Tudun Wada ka hau keken ba, tafiyar ba ta cika ba. Amma duba abin da ke tsakaninka da Legas: kusan kilomita 800 ko fiye, ko dai ta Birnin Gwari, Tegina, Mokwa da Jebba, hanyar da ta daɗe tana fama da 'yan bindiga da manyan motoci, ko ta Abuja, Lokoja da Okene inda tireloli da tankoki ba sa barin gefen titi ga kowa. Za ka ƙarar da ƙarfinka da kuɗin guzurinka a kan hanyar da ba ita ka fito nema ba, ka isa bakin teku a gajiye.

Ka saka keken a mota. A tashar Mando ana samun motocin Legas. Kafin ka je, cire feda, sassauta kan keken ka juya shi ya bi tsawon jiki, cire tayar gaba ka ɗaure ta a gefe. Wurin da ya fi saurin lalacewa shi ne ƙarfen da ke canza giya a tayar baya. Nannaɗe shi da tsumma da kwali, kuma ka tsaya da kanka lokacin lodi don kada a ɗora masa buhun masara. Masu sayar da firji da talabijin suna da manyan kwalaye. Ku yi cinikin kuɗin kaya da yaran mota kafin keken ya shiga but, ba bayan ya shiga ba.

Mai son jirgin ƙasa yana iya hawa daga Rigasa zuwa Idu a Abuja, akwai kuma na Ibadan zuwa Legas, sai dai tsakanin Abuja da Ibadan mota ce dai. Sauke keke da ɗora shi sau uku wahala ce da ba ta da riba. Mota ɗaya ta fi.

To a Legas ɗin, daga ina zan hau?

Daga Badagry. Kada ka yi gwajin ranar farko tsakanin Mile 2 da Okokomaiko da keke mai kaya, cikin danfo da tireloli, ba ka san hanya ba, ba ka saba da nauyin ba. Shiga wata motar ta kai ka Badagry, ka kwana biyu a can. Kwanan farko na haɗa keke ne da gwada shi, na biyu na yawo: gidan bene na 1845 da ake cewa shi ne na farko a ƙasar nan, da tsibirin Gberefu inda a da aka riƙa fitar da bayi zuwa jiragen ruwa. Waɗannan kwana biyun ba asara ba ne, jikinka ne ke fara sabawa da iskar wurin, kuma za mu zo kan wannan.

Wace fuska ta fi, daga Legas zuwa yamma ko daga Abijan zuwa gida?

In iska kaɗai za a duba, daga Abijan zuwa gida. A wannan gaɓar, iska mafi yawan shekara daga kudu maso yamma take kaɗawa, daga teku zuwa tudu, kuma tana ƙara ƙarfi bayan azahar. Wanda ya nufi yamma yana karo da ita, wanda ya nufo gabas tana tura shi ta baya. Bambancin ba ƙarami ba ne a kan keke mai ɗauke da kaya.

Duk da haka, ga mai tafiyar farko na fi son ya fara daga Badagry. Kwanakin farko su ne kwanakin da matsala ke bayyana: sirdin da bai dace ba, gwiwar da ke ciwo, tayar da ke yawan sacewa. Gara su bayyana kana Kwatano, inda mota ɗaya za ta dawo da kai Najeriya, da su bayyana kana Aboisso, iyaka huɗu tsakaninka da gida. Na biyu, daga Seme zuwa Sogakope ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, hawa da gangara ba sa farawa sosai sai an wuce Akara, an nufi Cape Coast da Takoradi, lokacin ƙafa ta riga ta yi ƙwari. Iskar kuma tana da magani: ka tashi bayan sallar asuba, ka gama mafi yawan tafiyar kafin 12 na rana.

Wane wata ya fi dacewa?

Kada ka yi lissafi da kalandar Kaduna. Mu damina ɗaya muka sani, daga Mayu zuwa Oktoba, da marka a Agusta. Bakin teku damina biyu gare shi: babba daga Afrilu zuwa Yuli, wadda ta fi tsanani a Yuni, sai ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne rani, kuma shi ne lokacin da aka fi bi. Hunturu yana isa can amma da rauni, ɗan hazo ne da sanyin safiya. Fabrairu da Maris zafi ya fi tsanani.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Agusta. Lokacin da Kaduna ke cikin marka, tsakanin Kwatano da Akara ruwa yakan ɗauke, gari ya yi lumshi da sanyi, rana ba ta ƙuna. Ga malamin makaranta ko ɗalibi mai dogon hutu, wannan dama ce. Illarsa ita ce iskar yamma ta fi ƙarfi a lokacin, teku kuma ya fi hauka.

Ruwan ma ba daidai yake sauka ba. Akara tana samun ƙasa da milimita 800 a shekara, wato ba ta kai Kaduna ba. Axim kuwa, a yammacin Takoradi, tana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwa a Gana. Ko da rani ka tafi, ka riƙe ledar rufe kaya.

Ni da nake zuwa Zariya a kan keke in dawo, ina buƙatar wani shiri kuma?

Ƙafarka ta shirya, Malam, amma ba ƙafa ce za ta fara kasawa ba. Kaduna tana kan tudu, kimanin mita 600 sama da teku, kuma da hunturu danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Gumi yana fita yana bushewa nan take, jiki ya huce. A bakin teku danshin yakan haura kashi 80. Ma'aunin zafi zai nuna 31 ko 32, ka ce ai wannan wasa ne ga wanda ya san Afrilun Kaduna, amma gumin ba ya bushewa, sai dai ya tsiyaya, jiki kuma ba ya hucewa. Kamar ka tuƙa keke a cikin madafar da ake turara shinkafa. Jiki yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba, shi ya sa kwanakin farko kada su wuce kilomita 40 zuwa 55, ko da kana jin za ka iya ninki biyu.

Sha ruwa kafin ƙishi ya zo. Fiya wata tana ko'ina a hanyar, ba sai ka ɗauki jarka ba, gora biyu ko uku sun isa. Ruwa kaɗai ba ya mayar da gishirin da gumi ya kwashe, don haka ka riƙe ƙunshin ORS daga kemis, ko ka haɗa da kanka: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1. Ciwon kai, jiri, ɗaurewar jijiyar ƙafa, ko fitsari ya yi ja, duk alamu ne na ka sauka ka nemi inuwa. Wando mai jiƙe da gumi kuma yana saɓe cinya cikin kwana biyu. Man kaɗe ko basilin kafin a hau, wanki da shanya kowace yamma.

Shirin da za ka yi a gida shi ne na kaya da na jere kwanaki. Ɗaure wa keken duk abin da za ka tafi da shi, ka bi hanyar Zariya ta Rigachikun da Jaji, ko ka zaga titin Yakowa da Millennium City, kwana uku a jere. Rana ta uku ce ke faɗin gaskiya a kan sirdi.

Wane irin keke?

Wanda kowane mai faci a gefen titi zai iya gyarawa. Keken ƙarfe mai taya inci 26, mai giya, mai birkin roba, irin na gwanjo da ke cike kasuwa. Tayarsa da tib ɗinsa da sifok ɗinsa ana samunsu a Kwatano da Lome da kowane gari a Gana. Keken tsere mai siririyar taya da birkin mai yana da daɗi, amma ranar da wani abu ya karye a tsakanin Winneba da Mankessim, sai ka hau mota neman kayansa a Akara.

Tsohon Raleigh ko Phoenix marar giya fa? Zai kai ka Lome lafiya, iyayenmu sun yi tafiyar da ta fi wannan a kansa. A tuddan yammacin Gana ne za ka riƙa sauka kana turawa.

Abu uku kada ka yi musu rowa: sababbin tayoyi masu faɗi, sabuwar sarƙa, da kariya mai ƙarfi, wato ƙarfen ɗora kaya na bayan keke. In kariyar kasuwa ba ta yi maka ba, masu walda a Panteka za su ƙera maka wadda za ta ɗauki jaka biyu a gefe. Nauyi ya zauna ƙasa-ƙasa a gefen tayar baya, ba a goye a bayanka ba. Bawul kuma ya zama irin na mota, don kowane mai faci ya iya ba ka iska.

Me zan ɗauka?

Kaɗan. In kayan sun wuce kilo 15, sake zazzage jakar. Na gyara: tib 2, faci da sholisho, famfo, sifana da makullan da suka dace da notunan kekenka, sifok 4 ko 5, wayar birki da ta giya, robar birki, da man sarƙa. Man nan ya fi muhimmanci fiye da yadda kake zato, domin iskar teku gishiri gare ta, yashi kuma yana shiga ko'ina. Sarƙar da ke yin wata guda a Kaduna ba a taɓa ta ba, a can cikin kwana uku za ta yi tsatsa ta fara kuka. Goge ta da tsumma kowace yamma ka ɗiga mata mai.

Na jiki: kaya kala biyu na tuƙi masu saurin bushewa, jallabiya ɗaya ta masallaci da shiga gari, hular kwano, fitilar gaba da ta baya, kwado da sarƙar ɗaure keke, gidan sauro. Sauron bakin teku ba ya hutun rani. Ka ga likita kafin tafiya a kan maganin zazzaɓin da za ka riƙe. Soket ɗin Benin da Togo da Kwaddibuwa mai baki biyu zagaye ne, na Gana irin namu ne, sai a nemi adafta tun daga Kasuwar Gumi.

Waɗanne takardu?

Fasfo ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, duka daga hukumar shige da fice. Ƙasashen nan biyar mambobin ECOWAS ne, kuma yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga ɗaya ba biza har kwana 90. Sai katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda ake tambaya a kowace iyaka. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yinta, kada ka bari sai ana gobe tafiya. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Riƙe rasit ɗin keken, ka ɗauki hoton lambar da ke ƙarƙashin jikinsa. Tsakanin Badagry da Seme shingaye suna da yawa, kuma mai keke da jakunkuna abin kallo ne. Yi sallama, cire tabarau, amsa abin da aka tambaye ka, kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoto a shinge ko a iyaka. Tabbatar an buga maka hatimin fita da na shiga a kowace ƙasa. Masu cewa su zagaya da kai ta bayan gari a kan ɗan kuɗi suna nan. Wanda ya bi su, a iyaka ta gaba zai yi bayani.

Kuɗi da waya fa?

Kuɗi iri biyu ne bayan naira ta ƙare a Seme: sefa a Benin da Togo, sidi a Gana, sefa kuma a Kwaddibuwa. Sefar ɗaya ce, abin da ya rage maka daga Lome ka adana shi har Noé. Kada ka dogara da katin banki na naira. 'Yan canji suna kowace iyaka, da yawansu ma Hausawa ne. Tambayi farashi wuri biyu, ka ƙirga a gabansu. Raba kuɗin gida uku a wurare daban, kuma ka ware kuɗin motar dawowa wanda ba za ka taɓa ba ko me ya faru.

Layin waya na ƙasar da kake ciki ya fi arha, da fasfo ake yin rajista. Sauke taswirar hanyar a waya tun kana gida.

A ina zan riƙa kwana?

Nan ne Bahaushe ya fi Baturen da ke wannan tafiya da tanti sa'a. Fataucin goro da shanu ya kafa zango a kusan kowane babban gari a gaɓar nan tun da daɗewa. Akwai unguwar Zongo a Kwatano, akwai a Lome, a Akara akwai Nima da Mamobi da Sabon Zongo, a Cape Coast akwai wajen Kotokuraba, Sekondi da Takoradi ma haka. A zangunan Gana Hausa ce harshen kasuwa da masallaci, har a bakin waɗanda ba Hausawa ba. Ka isa kafin la'asar, ka yi salla a masallacin unguwa, ka gaida liman, ka nemi a kai ka wurin Sarkin Zango. Ka je da ladabin baƙo: “Ranka ya daɗe, daga Kaduna nake, ina kan hanya, ina neman inda zan kwana.” Ko ba a sauke ka a gida ba, za a nuna maka masauki mai aminci da inda za ka ajiye keke. Ɗan tsaraba daga gida, dabino ko turare, ba ya nauyi a jaka.

Kada dai ka mayar da karamcin mutane ya zama kasafin kuɗinka. Yi lissafin kuɗin ɗaki na kowane dare, in an sauke ka kyauta ka gode. Kwana a bakin teku kai kaɗai kuwa, bar shi.

Abinci da salla?

Ba za ka ji yunwa ba. Koko da ƙosai da safe a Gana kamar kana Unguwar Sanusi, shinkafa da wake, tsire da yamma, burodi a ƙasashen Faransanci, ɗanyar kwakwa a gefen titi, acheke, wato garin rogo da aka turara, da soyayyen kifi a Kwaddibuwa. Inda ba ka natsu da yankan nama ba, ci kifi. Ana sayar da naman alade da na daji a wurare da dama.

Agogo yana komawa baya da awa 1 da zarar ka shiga Togo, haka zai zauna har Abijan. Rana tana faɗuwa wajen 6, wani lokaci kafin haka, duhu kuma yana rufewa da sauri, saboda haka ka bi rana, kada ka bi lokutan sallar da ka saba da su a gida. Alƙibla gabas ce mai karkata arewa. A mazhabar Malikiyya tafiyar mil 48, kusan kilomita 80, tana halatta kasaru, niyyar zaman kwana 4 a wuri ɗaya kuma tana yanke shi. Zauna da malaminka kafin ka tashi ya warware maka sauran. A shekarun nan azumi yana faɗowa a ƙarshen ranin bakin teku, sai a duba kalanda a gama tafiyar kafin a ga wata.

Zan iya wanka a tekun?

Iyakar gwiwa. Igiyar ruwan wannan gaɓar tana ja zuwa ciki da ƙarfi, musamman a Benin da Togo, kuma iya ninƙaya a kogin Kaduna ba ya hana ta. Inda ba ka ga 'yan gari suna shiga ba, kada ka shiga.

Baba ya ce ban isa ba, uwargida ma ta ɓata rai. Yaya zan yi?

Ba su yi laifi ba. Abin da suka ji shi ne za ka ƙetare ƙasa huɗu a kan keke. Kai musu takarda: ga garuruwan da zan kwana, ga ranakun, ga wanda za mu tafi tare, ga lokacin da zan riƙa kira kullum, ga kuɗin cefane na bari. Tafiya mutum biyu ko uku ta fi kwantar da hankalin gida, ta kuma fi sauƙi a iyaka, inda ɗaya zai tsare kekuna ɗaya ya shiga da takardu. In Baba ya dage, rage tafiyar zuwa Lome ka sake roƙo. Kada ka fita ba da albarkarsa ba.

Yaya kwanaki ukun farko za su kasance?

Rana ta farko, Badagry zuwa Kwatano, kimanin kilomita 55, da iyakar Seme a tsakiya wadda za ta iya cin awa ɗaya ko fiye. Tashi da asuba don ka shiga Kwatano kafin rana ta take. Garin cike yake da 'yan acaɓa masu rawayar riga. A manyan tituna akwai layin babura a gefe, bi shi, ka riƙe hannunka na dama. Kwana a Zongo, in da sauran ƙarfi ka leƙa kasuwa ka sayi abin da ka manta.

Rana ta biyu, Kwatano zuwa Ouidah, kilomita 40. Akwai babban titi, akwai kuma hanyar masunta da ke bin bakin ruwa cikin itatuwan kwakwa; ita ta fi kyau, amma tambayi 'yan gari halin da take ciki, don inda yashi ya yi zurfi sai turawa. Rana ta uku, Ouidah zuwa Grand-Popo, kusan kilomita 45, a haye kogin Mono. A nan ka huta yini guda, ka ɗaure duk notin da ya sassauta, ka duba sifok ɗin tayar baya ɗaya bayan ɗaya, ka fitar da duk abin da ba ka taɓa ba tun Badagry ka bayar. Washegari iyakar Hillacondji tana kilomita 20 a gabanka, Lome kuma kafin azahar.